A Surfa Wa Yaro Wake, A Bar Wa Babba Da Ɓawonsa

Daga Wakilinmu na Arewa, Yola

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Jimeta a 'yan makwannin nan na kaka, abin da zai fara cin karo da shi a layin 'yan hatsi shi ne wake. Ga fari mai baƙin hanci, ga ja, ga mai ruwan ƙasa, ga kuma ƙanana irin wanda matan ƙauye ke kawowa a ƙwarya. Daga gefe ga gyaɗar Hong da ta Ganye, ga gurjiya, ga waken suya, ga kalwa ta masu daddawa. Fulanin Yola suna ce wa wake nyebbe, gyaɗa kuwa biriji, amma in aka zo ciniki a Jimeta sai ka ji yawanci an juye Hausa.

Ba dukan wannan kaya ne ake ci a nan ba. Kullum manyan motoci suna ɗaukar buhuna, waɗansu su bi ta Jalingo da Wukari su gangara Inugu da Anacha, waɗansu kuma su nufi Ikko da Badun. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, tana samun fiye da tan miliyan 3 a shekara, Jumhuriyar Nijar na bi mata, kuma mafi yawansa a Arewa ake noma shi. Saboda haka 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabo a Badun da Shagamu, da na Fatakwal, waken da kuke saye a can galibinsa daga gida ya fito.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, duk sa'ad da mutanenmu suka zo gida hutun Salla, in hira ta kai kan abinci, ba a rasa jin zance biyu. Na farko ƙorafi ne, cewa waken Kudu ba ya dahuwa kuma yana kumbura ciki. Na biyu kuwa jita-jita ce, wai jan wake maganin ciwon sukari ne. Kowane ɗaya akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, akwai kuma kuskure, kuma kuskuren yana iya jawo hasarar lafiya. Yawancin bayanin yana komawa ne ga ɗan ɓawon nan marar nauyi da ke lulluɓe da ƙwayar wake.

ABIN DA MAJEMA SUKA DAƊE DA SANI

Kafin mu shiga cikin ɗan Adam, bari mu fara biyawa ta majema, domin a can ne za a fi saurin gane abin da ake nufi. Majemi yakan ɗauki fatar akuya, bayan ya cire gashi ya wanke, sai ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Bayan 'yan kwanaki, fatar da in an bar ta za ta ruɓe ta yi wari, sai ta zama jemammiya, wadda za a yi takalmi ko jaka ko linzami da ita a yi shekaru ana mora. Da haka aka jeme jar fatar Sakkwato wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan ƙasar Maroko.

To, mene ne a cikin bagaruwa? Masana kimiyya suna kiransa tanin, kuma sunan ma daga kalmar jima ta Turai aka samo shi. Ita fata furotin ce, watau irin abin nan mai gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake. Halin tanin kuwa shi ne, da ya sadu da furotin sai ya cafke shi ya ƙi saki, har ƙwayoyin da ke ruɓar da abu su kasa cinsa. Abin sha'awa kuma, a wajen masu ilmin tsirrai bagaruwa 'yar'uwar wake ce, domin duka suna zuba 'ya'ya a cikin kwanso. Haka gyaɗa da gurjiya da ɗorawa da tsamiya da gawo, duk gida ɗaya suke.

Shi tanin ɗaya ne daga cikin wani babban dangi na sinadarai da ake kira finol, waɗanda irinsu ya kai dubbai. Tsiro yana yin su ne domin kare kansa daga ƙwari da fumfuna da zafin rana, kuma su ne ke ba ƙwaya launinta. Kowannenmu ya san ɗanɗanonsu. Baurin goro, da na ɗanyar ayaba, da na shayi mai kauri wanda ba a sa wa madara ba, duk aikinsu ne. Bushewar da mutum ke ji a baki sa'an nan, ai tanin ne ya kama furotin ɗin da ke cikin yawu, watau an ɗan jeme maka baki ke nan.

A jikin wake, yawancin tanin a ɓawo yake, kuma gwargwadon duhun ɓawo gwargwadon yawansa. Ja da baƙi da mai ruwan ƙasa sun fi, fari kuwa kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Badun, wadda aka kafa a cikin 1967, tana ajiye da irin wake fiye da 15,000 daga ƙasashe daban daban, kowane da launinsa. Wannan magana ta launi ta shafe ku, domin a yawancin garuruwan Hausa fari aka fi so, amma a ƙasar Yarbawa mai ruwan ƙasa ne ke da kasuwa, irin su oloyin, kuma shi ake tuƙa ewa agoyin da shi a Ikko. Watau mutuminmu da ya koma can yakan ci tanin fiye da yadda ya saba a gida, ba tare da ya sani ba.

MA'AIKATAN DA KE CIKIN CIKI

Abinci ba ya shiga jini yadda aka haɗiye shi. Sai an yayyanka shi ƙanana ƙanana, har ya iya ratsa bangon hanji. Masu wannan aiki waɗansu sinadarai ne da jiki ke yi da kansa, ana kiransu enzayim, kuma kowane da sana'arsa, kamar yadda mahauci ba ya shiga aikin maƙeri. Akwai amilas, wanda ke cikin yawu, shi ke sare sitacin tuwo da shinkafa da rogo ya mai da shi sukari. Akwai wani a jikin bangon hanji mai ƙarasa aikin, ya mai da sukarin ya zama irin wanda jini ke ɗauka. Akwai fefsin a tumbi da tiribsin a ƙaramin hanji, su ne mahautan furotin. Akwai kuma lifas mai narkar da mai. Da yawa daga cikinsu suna fitowa ne daga wata tsoka mai kama da harshe da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas.

Waɗansu Faransawa biyu, Payen da Persoz, su ne suka fara ware mai sare sitacin nan daga tsiron sha'ir a cikin 1833, sa'an nan a cikin 1876 wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya raɗa wa tiribsin suna. Amma mata masu kunun zaƙi sun daɗe suna aiki da shi ba su san sunansa ba. In sun dama kunu ya yi kauri, sukan zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankali ko tsiron hatsi, kafin gari ya waye ya tsinke ya yi zaƙi. Wanda ke son ya gwada da kansa, ya ɗauki lomar burodi ya daɗe yana taunawa bai haɗiye ba, zai ji ta soma zaƙi.

Ga inda maganar majema ta haɗu da ta ciki. Su waɗannan ma'aikata dukansu furotin ne. Saboda haka in tanin ya iske su a hanji, yakan riƙe waɗansu ya rage musu hanzari, kamar yadda ya riƙe fata a kwatarniyar jima. Har ila yau yakan kama wani sashi na furotin ɗin abincin kansa, ya hana a yanka shi, sai ya wuce bayan gida jiki bai amfana ba. Ko wannan cuta ce ko kuwa amfani, ya danganta ga wanda ke cin waken.

INDA ƁAWO KE CUTARWA

Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, shi ya sa ake ce masa naman talaka. Babban mutum mai lafiya, wanda ke samun ɗan kifi yau, nono gobe, ba zai ji ɗan abin da ɓawo ya tauye masa ba. Amma yaron da aka yaye, mai ɗan ƙaramin ciki, wanda ba shi da wani abin gina jiki sai 'yan cokulan waken da aka ba shi, shi kam kowane ɗan abu da ya kuɓuce masa hasara ce. Haka wanda ya tashi daga doguwar jinya, da tsohon da ba ya iya cin abinci da yawa.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan girma, ita ce ta ƙarfen jini. Jiki yana bukatar ɗan sinadarin ƙarfe domin yin jini, wake kuwa yana da shi. Sai dai tanin yana kama ƙarfe kamar yadda yake kama furotin. Dukawa shaida ne, domin in suna son baƙi a jikin jemammiyar fata, sukan shafa kuloko, ruwan da aka jiƙa kashin maƙera a ciki, nan take wurin ya yi baƙi ƙirin. Ƙarfe ne ya gamu da tanin ɗin bagaruwa suka ƙulle. In suka ƙulle haka a hanji, jini ba ya iya ɗauka. Akwai kuma wani sinadari a cikin ƙwayar kanta, ana ce masa fayitet, shi ma yana riƙe ƙarfe.

A cikin 1975 waɗansu likitoci a Afirka ta Kudu, Disler da abokan aikinsa, suka nuna cewa shan shayi tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka ƙwarai da gaske. Mu dubi kalacin ɗan'uwanmu mai tura baro ko mai gadi a Ikko. Wake da burodi, a kora da shayi mai kauri, a rufe da goro. Tanin ya haɗu ta hanya uku ke nan a zama guda. Shi namiji mai ƙarfi yana iya ɗauka, amma in matarsa mai ciki tana bin wannan tsari, akwai abin dubawa.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a cikin 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa. Kada a ɗora wa wake laifin wannan, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da rashin samun nama su ne manyan masu laifi. Amma wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa, bai kamata a ƙara toshe masa ɗan abin da yake samu ba. Dabarar mai sauƙi ce. A jinkirta shayi da goro sa'a guda ko biyu bayan an ci abinci, a kuma haɗa wake da ɗanyen tumatir, ko a matsa lemun tsami, ko a bi shi da gwaiba ko lemun zaƙi, domin bitamin C da ke cikinsu yana taimakon jiki ya ɗauki ƙarfe. 'Yar tsokar nama ko kifi a cikin tukunya ita ma tana yin wannan taimako.

HIKIMAR IYAYENMU MATA

In mutum ya zaga Luggere ko Doubeli ko Wuro Hausa da asuba, zai ji ƙarar turmi a gidajen masu ƙosai. Sun jiƙa wake, sun surfa, suna zuba ruwa ɓawo na tasowa suna tacewa, har sai ƙwaya ta fito fara tas kafin a kai inji. Su dai abin da suke nema shi ne ƙulli ya yi haske ya tashi, amma da wannan surfen sun zubar da mafi yawan tanin. Haka ake yi wa alale, haka kuma Yarbawa ke yi wa akara da miyar gbegiri. Saboda haka alale mai laushi, wanda aka sa wa ɗan manja da dakakken kifi, yana cikin abincin da ya fi dacewa da yaron da ya wuce wata shida aka soma haɗa masa da abinci.

Kunun gyaɗa, wanda Adamawa ta yi suna a kansa, shi ma haka ne. Ana ɗan gasa gyaɗa a murje jan ɓawon a fece, a niƙa a tace, sa'an nan a dafa da shinkafa a sa tsamiya. Abin da ya rage a kofi madara ce mai mai da furotin, ba bauri, shi ya sa ake ba mai jego da marar lafiya da mai buɗa baki.

Masu daddawa sun fi kowa wahala, sun kuma fi kowa cin riba. Kalwa ba ta ciwuwa ɗanya. Sai an yini ana dafa ta, a surfe baƙin ɓawon a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku. A cikin waɗannan kwanaki waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani sukan shiga su yayyanka furotin ɗin, watau sun yi wa hanji rabin aikinsa tun kafin a jefa ta a miya.

Akwai wani abu guda da ya wajaba a rarrabe shi da tanin. A cikin ƙwayar ɗanyen wake, musamman waken suya, akwai wani furotin wanda ba shi da aiki sai toshe tiribsin. Tun a cikin 1917 waɗansu masana biyu a Amurka, Osborne da Mendel, suka lura cewa ɓerayen da aka ciyar da ɗanyen waken suya ba su girma sosai, amma waɗanda aka ba dafaffe sun girma lafiya. Shi wannan wuta ce maganinsa. Don haka masu yin awara da madarar waken suya su tabbata ta tafasa sosai, kada kuma a zuba garin ɗanyen wake ko na waken suya a kunun yaro bayan an sauke. Tanin kuwa wuta ba ta kashe shi, sai dai a cire ɓawo, ko a jiƙa wani sashinsa ya fita cikin ruwa a zubar.

INDA ƁAWO KE DA RANA

Yanzu mu juya ga wani ɗan'uwan namu, wanda Allah ya buɗa wa. Yana zaune a rumfa a Mile 12 ko Bodija tun safe har magariba, ko yana canji, ko yana bayan sitiyari. Ba ya noma, ba ya doguwar tafiya a ƙasa, abincinsa farar shinkafa da burodi da garin rogo, ga lemun kwalba. Jiki ya yi nauyi. Irin wannan ne ciwon sukari ke fako. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a cikin 2021 manya miliyan 3.6 ne ke da shi a Nijeriya, da yawa kuma ba su san suna da shi ba.

Ga irin wannan mutum, jinkirin da ake jawo wa amilas alheri ne. Matsalarsa ita ce sukari yana kwarara cikin jini gaba ɗaya bayan ya ci abinci. In aka rage wa masu sare sitaci gudu, sai sukarin ya riƙa shiga kaɗan kaɗan, jiki ya samu sararin sarrafa shi. A cikin 1981 wani likita a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, shi da abokan aikinsa suka auna yadda abinci iri iri ke ɗaga sukarin jini, suka tarar dangin wake suna daga can ƙasa, abin da suke ɗagawa bai wuce wajen kashi ɗaya bisa uku na abin da tsantsar sukarin gulukos ke yi ba. Akwai ma maganin asibiti mai suna acarbose, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fitar a cikin 1990, aikinsa ke nan, watau tare masu sare sitaci a hanji.

Masana da yawa sun tatsi finol daga ɓawon wake masu duhu, sun gwada, sun ga yana rage hanzarin amilas da ɗan'uwansa na bangon hanji, har da lifas. Daga nan ne jita-jitar jan wake ta samo tushe. Amma a lura, yawancin wannan gwaji a cikin kwalba aka yi shi ko a jikin ɓeraye, kuma abin da ke cikin kwanon wake guda bai kai ƙarfin ƙwayar magani ba ko kusa. Babban abin da ke sa wake ya daɗe a ciki shi ne dusarsa, da kuma yadda sitacinsa ke ƙunshe a cikin 'yan ƙananan ɗakuna masu tauri waɗanda dahuwa ba ta fasa su duka. In aka niƙa ɗanyen wake ya zama ƙulli ko gari, an fasa ɗakunan ke nan.

Saboda haka mai ciwon sukari, ko wanda ke da shi a dangi, dafaffen wake da ɓawonsa ya fi masa ƙosan da aka surfe aka soya a mai, balle a haɗa shi da koko mai sukari. In garau-garau ne, a yawaita wake a rage shinkafa. In gasasshiyar gyaɗa ce, ba sai an fece jan ɓawon ba, domin yana cike da finol. Daga wannan jan ɓawo na gyaɗa ne ma wani Bafaranshe, Jacques Masquelier, ya fara ware wani irinsu a garin Bordeaux wajen ƙarshen shekarun 1940.

Ina jan kunne da babbar murya, wake abinci ne, ba ya maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ko allura, kada ya bari don wani ya ce masa ya dafa jan wake ya sha ruwan. Ciwon sukari da aka yi wa sakaci yana kai wa ga makanta da yanke ƙafa da lalacewar ƙoda. Wanda kuma ƙodarsa ta riga ta taɓu, sai ya tambayi likitansa gwargwadon waken da zai ci.

KUMBURIN CIKI DA MAGANAR KANWA

Kumburin ciki da yawan iska ba laifin tanin ba ne. A cikin wake akwai waɗansu irin sukari, rafinos da sitakiyos, waɗanda ɗan Adam ba shi da enzayim ɗin da zai yanka su. Sai su wuce zuwa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke zaune can su yi ta ci suna fitar da iska. Su waɗannan sukari suna narkewa a ruwa, don haka in aka jiƙa wake ya kwana, aka zubar da ruwan aka dafa da sabo, abin yakan ragu. Wanda bai saba ba ya soma da kaɗan, cikin 'yan makwanni ciki yakan saba.

Ƙin dahuwa kuwa yawanci alamar tsohon wake ce. In wake ya daɗe a wuri mai zafi da laima, sai ƙwayar ta canza ta yi tauri, ɓawon ya ƙara duhu, a ƙone itace ko gas mai yawa bai nuna ba. A nan Yola zafin Maris da Afrilu yakan haura awo 40, amma busasshen zafi ne. A Ikko da Fatakwal kuwa laima ba ta ƙarewa, shi ya sa buhun da ya bar Jimeta lafiya yakan sauya hali bayan 'yan watanni. Gara a riƙa sayen wanda za a ci cikin ɗan lokaci, in kuwa ajiya za a yi, a zuba a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, iska ba ta shiga, ƙwaro ma ya mutu. Kada a kuskura a zuba wa wake maganin ƙwari na feshi. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a cikin 2015, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.

In wake ya ƙi dahuwa, hannun uwargida kanwa yake nufa. Gaskiya ne tana sa shi ya yi laushi da wuri, kuma jan da shinkafa da wake ke yi in an sa ta, finol ne ya sauya launi. Amma kanwa tana lalata bitamin B1 da ke cikin wake, sa'an nan 'yar'uwar gishiri ce, mai yawanta ba ta dace da mai hawan jini ba. A cikin shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. In an jiƙa wake ya kwana, 'yar kanwa kaɗan ta isa, sau da yawa ma ba a bukatarta.

TUKUNYA ƊAYA, BAKI DABAN DABAN

Maigida da uwargida su dubi mutanen da ke gidan. Yaron goye da na yaye, da mai ciki, da mai jego, da wanda ya tashi daga ciwo, a surfa musu wake, a dafa ya yi laushi, a haɗa da ɗan kifi da tumatir, a nisanta musu shayi daga lokacin cin abinci. Magidanci mai ƙiba, da hajiya mai zaman shago, da duk wanda aka ce sukarinsa ya soma hawa, a bar musu wake da ɓawonsa, ja ko fari, a rage mai da shinkafa. Leburan da ke aikin ƙarfi yana iya cin kowane, in dai ya dahu sosai.

Wanda ya ga yana yawan kasala da jiri, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ya je a auna masa jini. Wanda ke yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko yake rama ba dalili, ya je a auna masa sukari. Awon ba shi da tsada, kuma rigakafi ya fi magani.

A nan gida dai sabon wake ya shigo, motoci kuma suna kan hanya. Muna gaida dukan 'yan'uwa mazauna Kudu, Allah ya ba da sa'ar nema, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.